Na'urar da Ta Ƙi Muryar Madam Hadiza

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya leƙo shagona a Tudun Wadar Zariya, ko batir ya zo saye, sai ya ja benci ya ce, "To Malam Bala, yaya ka baro su?" Malam Istifanus, tsohon hedimastan da muke zama tare da la'asar, shi ya fi kowa naci. Sau uku na ba shi labarin, kowane karo sai ya ce na tsallake wani wuri. Ran nan ya ce, "Kai da ka yi shekaru kana karanta wa mutane labarin duniya, naka ne zai gagare ka? Rubuta mana, mu huta da kai, ka huta da mu." Dalilin wannan rubutu ke nan.

Ga wanda bai san ni ba, a ɗakin injuna na fara aikin rediyo, daga baya aka mai da ni gaban makirfo. Da na yi ritaya sai na koma ga ƙarafuna, na buɗe shago ina gyara da haɗa na'urori. A bara wani ɗan ƙaramin gidan rediyo na al'umma, a wani gari mai suna Tsaunin Gawo gabas da Damagaram, ya nemi in haɗa masa na'urar kamawa. Ɗakin shirye-shiryensu yana cikin gari, babbar na'urar watsawa kuma tana kan tsauni, nesa da gari. Daga gari ake tura magana ta iska, tawa na'urar ta kama a kan tsaunin, ta miƙa wa babbar, ita kuma ta watsa wa ƙauyuka. Na haɗa, na gwada a shago, na aika lokacin sanyi. Aka bugo aka ce lafiya lau.

Da bazara ta yi nisa, wata Asabar, sai ga wayar Mushe Illiyasu, mai kula da injunansu. Mushe a can kamar malam ne a nan. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, na'urarka ba ta son muryar mace."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ya ce suna da mace ɗaya tak mai gabatar da shiri, Madam Hadiza, mai shirin mata daga sha biyu zuwa ɗaya na rana. Ita ke sanar da ranar awon ciki da ranar rigakafin yara, ita mata ke aiko wa tambaya. Wata biyu ke nan muryarta tana fita a farfashe, kamar ana magana cikin gwangwani, alhali maza na safe da na yamma suna fita tsaf. Ran da ta tafi suna aka sa namiji a lokacinta, ya fita garau. Kwamitin gidan rediyon ya zauna, ya yanke cewa daga Asabar mai zuwa za a ba namiji shirin.

Na ce, "Ku ba ni kwana huɗu."

Ba zan ce tausayi ne kawai ya tashe ni ba. Na san ƙarfe bai san mace ba, bai san namiji ba. Amma hujjarsu ba ta banza ba ce, sun gwada sun gani. Abin da ya hana ni sukuni shi ne yadda gwaji na gaskiya ya kai su ga amsar da ba za ta yiwu ba.

Lahadi da sassafe na hau acaɓa zuwa tashar Kwangila da jaka biyu, ɗaya ta kaya, ɗaya ta kwamfuta da ɗan akwatin awo mai eriya. Hanyar Kano ba ta da labari. Daga Kano zuwa Daura ne na samu maƙwabcin kujera, wani ɗan Agadas mai rawani, da ya ɗora mini buhun busasshen barkono a gwiwa ya ce, "Riƙe mini, Baba, kai ka fi ni faɗin cinya." Na yi atishawa daga Kazaure har Daura. Duk atishawa ɗaya sai ya ce mini yarhamukallahu da fuskar tausayi, ko sau ɗaya bai ce in miƙo buhun ba.

A Kwangwalam, bakin iyaka, muka sauka. Ɓangarenmu aka duba takarda aka buga hatimi. A ɗaya ɓangaren aka nemi katin rigakafin shawara, na bayar, sannan wani jami'i dogo, mai nutsuwa, ya buɗe jaka ta biyu. Ya ɗaga akwatin awon da yatsa biyu ta eriyarsa.

"Elhaji, wannan magana yake yi ko saurare?"

Na daɗe ban ji tambaya mai kyau kamar wannan ba. Na yi aiki da mutanen da suka shekara goma a rediyo ba su taɓa raba waɗannan biyu ba. Na ce saurare kawai yake yi. Ya ce in nuna masa. Na kunna, na kamo wata tasha da ke sa kiɗan gurmi, na nuna masa tudun da ya tashi a ɗan allon. Ya daɗe yana kallo. Sai ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar rediyo, an ɗaure bayanta da roba, ya ce ta mahaifinsa ce, ta yi shiru tun bara. Na buɗe, waya ɗaya ce ta tsinke a wajen batir. Kafin in gama direbanmu ya yi hon har ya gaji. Da rediyon ta yi magana jami'in ya ɗora ta a kafaɗa, ya raka ni har mota, ya ce wa direban, "Kai, yi hankali da tsohon nan, likita ne."

Daga nan sai Matamai, sai Damagaram gab da magariba. Na sauka a wani masauki kusa da tasha, ɗaki da gado da fanka, da tulun ruwa a tsakar gida. Abu biyu na lura da su a garin. Na farko, acaɓa a can kabu-kabu ne, da na ce acaɓa sai wani ya ce, "Ɗan Najeriya ne, ku ƙara masa haƙuri." Na biyu shayi. Mu a Zariya shayi kofi ne babba da madara da burodi, ka sha ka tashi. A can ɗan kofin gilashi ne kamar murfin kwalba, kuma zagaye uku ake yi. Na shanye na farko na miƙe na yi godiya, sai mai masaukin ya riƙe mini gefen riga.

"Ina za ka? Wanda ya sha na ɗaya ya tafi, ɗaci kawai ya ɗauka."

Na koma na zauna. Gaskiyarsa ce, na uku ya fi daɗi. Da safe na karya da dogon burodin nan nasu mai ɓawo, wanda ya ɗan taɓa mini dasashi, da dambun zogale da ƙuli-ƙuli wanda har yau ina tunawa da shi.

Niyyata in isa Tsaunin Gawo kafin sha biyu in ji shirin da kunnena. Motar ba ta cika ba sai goma, ta kuma yi faci a hanya, ga tayar sauyi ita ma ba iska. Muka zauna ƙarƙashin wata aduwa har aka kai tayar wani ƙauye aka dawo. Ƙarfe biyu da rabi na shiga garin, na tarar da shi kamar an share. Shaguna a rufe, gidan rediyon da kwaɗo. Na ɗauka rasuwa aka yi. Wani mai sayar da ruwa ya ce a'a, hutun rana ne, daga ɗaya zuwa huɗu ba a komai, har rediyo kashewa ake yi. Na tuna yadda a Tudun Wada ƙarfe biyu na rana ne maƙera da masu walda suka fi ƙara, na ce kowane gari da hankalinsa. Ban san na riga na taka rabin amsar da na zo nema ba.

Mushe Illiyasu ya sauke ni a gidansa. Mutum ne ɗan shekara arba'in da wani abu, siriri, mai rubuta komai a ɗan littafi, kuma yana ƙirga awa har ashirin da huɗu yadda suka koya a lakwal, wato makarantar bokonsu. Da la'asar ya kai ni in gaisa da shugaban kwamiti, Elhaji Sani, babban ɗan kasuwar ƙaro. Mun same shi a rumfarsa gaban wani tsohon sikeli mai allura, ana ɗora buhuna ana saukewa.

Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo fura. Ya ce, "Malam, kada ka ɗauka muna da wani abu da Hadiza. 'Yata ce, ni na kawo ta gidan nan. Amma mata suna zuwa asibiti ranar da ba ita ba, don ba su ji daidai ba. Wata ta taso daga ƙauye da tsohon ciki a kan amalanke, aka ce mata jibi ne. In na'ura ba ta ɗaukar murya, ai ba za mu canza wa Hadiza maƙogwaro ba."



Daga nan muka je wurin Madam Hadiza. Da ta amsa sallama na ɗauka mura take yi, don muryar ta fito daga can ƙasan ƙirji, a daƙile. Illiyasu ya raɗa mini cewa haka take magana yanzu, ko a gida.

Ta ce, "Malam, me ban yi ba? Zuma da citta kullum safe. Na bar ruwan sanyi. Aka ce siririyar murya ce injin ba ya so, na koyi saukar da ita. Mijina ya ce in na kira shi daga ɗaki sai ya ɗauka yayana ne ya zo." Ta yi dariya, ta katse. "Abin da ya fi damuna, ni a kunnena lafiya nake jin kaina. Sai na fito a ce ba a gane komai ba."

Wannan ya rage mini aiki. In a ɗakin shiri tana fita lafiya, to ba makirfo ba ne. Ɓarnar tana tsakanin gari da tsauni, wato wurin da na'urata take.

Talata bayan asuba muka hau babur zuwa tsaunin. Ɗaki ne ɗaya na bulo da rufin kwano, farantan sola a gefe, batura a ƙasa. Na'urata tana kan wani katako a sama, tazarar hannu ɗaya daga kwanon, an sa ta can don gudun ɓeraye. Ƙarfe shida Illiyasu ya kunna, ya rubuta a littafinsa. Na jona kwamfuta, na buɗe shafin da ke nuna abin da na'urar ke ji.

A nan sai na ɗan yi bayani, kuma Malam Istifanus ya ce in yi shi yadda jikarsa za ta gane. Irin wannan na'ura, don ta kama tasha, tana kaɗa nata sautin a ciki daidai da zangon tashar, ta gauraya su, ta tace magana. To ɗan kaɗan daga sautin nata yakan zurara ya koma ƙofar shiga, sai ta ji kanta tare da tashar. Abin da wannan ke haifarwa ba magana ba ne, wani ɗan nauyi ne na wuta da ke zaune wuri ɗaya, yana ture komai gefe. A sana'a ana ce masa di-si ofset. Ni na fi son in ce gocewar sifili, domin daidai yake da sikelin da allurarsa ba ta kan sifili tun ba a ɗora komai ba. Maganinsa sananne ne. Da an kunna na'urar, sai ta toshe kunnenta na ɗan lokaci, ta auna wannan nauyi nata, ta riƙa cire shi daga duk abin da ya shigo. Haka na tsara tawa, kuma da shida na safe ta yi aikinta, layin ya kwanta a kan sifili.

Muka zauna. Aka buɗe tasha, aka yi labarai, aka yi cigiyar raƙumi da ta awaki biyu, komai tsaf. Ƙarfe takwas na ga layin ya ɗaga kamar kaurin zare. Na rubuta. Tara, ya ƙara. Goma, ɗakin ya fara zafi, na cire hula. Na taɓa akwatin na'urar, ya yi ɗumi kamar burodin da aka fitar yanzu. Sha ɗaya layin ya yi nisa da sifili, na kuma fara jin ƙura a sautin.

Na ce, "Illiyasu, ka ji?"

"Ai kiɗa ne, Malam. Daga sha ɗaya zuwa sha biyu kiɗan gargajiya muke sawa. Goge ai haka yake."

Ba haka goge yake ba, amma wa zai kai ƙarar goge? Sha biyu daidai Madam Hadiza ta yi sallama, sai ga gwangwanin da aka faɗa mini. Kalma tana fitowa da gefenta a yage. Na san abin da take cewa ne kawai don na san irin abin da ake cewa.

Na dubi layin, na dubi kwanon da ke kanmu. Nauyin da na'urar ta auna da sanyin safiya ba shi ne nauyinta da zafin rana ba. Zafi yana ƙara shi, ita kuwa sau ɗaya ta auna, tana nan tana cire na ƙarfe shida. Na tambayi Illiyasu me yake yi da ƙarfe ɗaya.

"In kashe komai, in sauka. Sha shida in dawo in kunna." Wato ƙarfe huɗu.

Da huɗu na'urar za ta sake awo, a cikin zafin, ta sami daidai. Ɗakin kuma yana riƙe ɗumi har a rufe tasha, don haka mazan yamma ba su gocewa sosai. Na ce ya duba littafinsa, ranar da namiji ya yi shirin mata, me ya rubuta? Ya juya shafuka, ya sa yatsa. Ya karanta a hankali: hadari tun safe, iska mai sanyi, ba a yi ruwa ba.

Muka dubi juna. Ya ce, "Ashe rana ce."

Na ce, "Ba rana ba ce. Ni ne."

Domin tambayar da ta rage ita ce, me ya sa ban ga wannan a shagona ba, ni da na gwada na'urar sati uku? Ina zaune a kan wani tsohon batir amsar ta zo mini, na kuma ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina sabon ma'aikaci. A layinmu na Tudun Wada, a makonnin nan, wuta ba ta taɓa zama awa shida a jere ba. A ɗauke, a kawo, a ɗauke. Duk kawowa ɗaya na'urar ta tashi ta sake awo. Ɗauke wutar da nake tsine wa ita ke rufa mini asiri. Sai da na'urar ta zo inda rana ke ba da wuta ba yankewa sannan aibinta ya fito, ya kuma faɗa kan wadda lokacinta ya zo ƙarshe.

Gyaran ba wuya, aikin rabin awa ne a kwamfuta. Na ce wa Illiyasu ba zan yi ba sai gobe.

"Don me, Malam?"

"In na gyara yau, gobe ta fita lafiya, za a ce zuma ce ta yi aiki. Ran da wani abu ya sake lalacewa, muryarta za a fara tuhuma."

Da yamma na koma rumfar Elhaji Sani. Na roƙe shi abu ɗaya, gobe da sha biyu ya shiga ɗakin shiri da kansa, ya yi wa mata bayanin shawarar kwamiti kafin Madam ta fara. Ya ce wannan ai daidai ne, bai kamata su ji a bakin wani ba. Ban ɓoye masa ba, na ce gwaji ne, kuma ina zaton abin da zai faru ba zai yi masa daɗi ba. Ya shafa gemu ya ce, "Ni da muryata ake jin ta daga nan har bakin kasuwa? Gwada."

Akwai sauran magana ɗaya da Illiyasu. Na ce bayan Elhaji ya gama, zai kashe na'urar ya kunna, tashar za ta yi shiru na daƙiƙa biyar. Ya ƙi. Ya ce a horon da aka ba su an ce shiru a iska haram ne, ko na daƙiƙa ɗaya. Na gane shi sarai, don ni ma haka aka koya mini, har yau in rediyo ta yi shiru gabana faɗuwa yake. Na ce, "Kullum kuna yin shiru na awa uku ba wanda ya mutu." Ya ce wancan an rubuta shi a tsari. Na ce to ya rubuta wannan ma. Ya buɗe littafin ya rubuta, sannan ya yarda.

Laraba na bar shi a tsauni, ni na zauna a rumfar Elhaji da 'yan kwamiti uku da rediyo a kan buhu. Sha biyu ta yi. Elhaji ya yi sallama daga ɗakin shiri.

Abin da ya fito daga rediyon ya fi na jiya muni, don ranar ta fi zafi. Babbar muryar nan ta koma kamar ana jan kwano a kan dutse. Masu ɗaukar buhu suka tsaya. Wani tsoho daga cikin 'yan kwamitin ya kara kunne, ya ce, "Wane ne wannan?" Aka ce Elhaji ne. Ya ce, "Subhanallahi. Shi ma muryar mata gare shi?"

Rumfar ta fashe da dariya. Ni ban yi ba, ina kallon agogo. Elhaji ya gama, na buga wa Illiyasu na ce yanzu. Rediyon ta yi tsit. Na ƙirga biyar a zuci. Sai muryar Madam Hadiza ta fito, kowane harafi a wurinsa, har ana jin motsin takardar da ke hannunta.

Elhaji ya dawo rumfar a kan kabu-kabu, labari ya riga shi isowa. Bai yi fushi ba, amma bai yi dariya ba. Ya zauna ya ce, "Faɗa mini."

Na tashi na je gaban sikelinsa, wanda ba komai a kansa. Na tambaye shi sau nawa yake duba allurar a rana.

"Kafin kowane buhu. In rana ta buge shi yakan motsa. Wanda ya saita da safe ya ƙyale, ko ya cuci mutane ko ya cuci kansa."

Na ce, "To ni na haɗa muku sikelin da ke saitawa da safe ya ƙyale. Ita kuma Madam buhunta ne ke zuwa da tsakar rana."

Na faɗa musu har maganar wutar Tudun Wada, ban rage komai ba. Tsohon nan ya ce bai taɓa jin inda rashin wuta ya yi wa mutum rana ba sai yau. Elhaji ya daɗe yana kallon allurar sikelin. Sannan ya ce, "Wata biyu muna auna yarinyar nan da sikeli mai ƙarya." Ya aika a kira ta. Da ta zo ya miƙe tsaye a gaban mutane, abin da aka ce mini bai saba yi wa na ƙasa da shi ba, ya ce, "Hadiza, shirinki naki ne. Ki yafe mana."

Ta ce, "Ba komai, Baba," da wannan murya ta ƙasan ƙirji. Ta juyo gare ni. "Malam, zumar fa? In ci gaba?"

Na ce zuma ba ta ɓata komai, amma ta daina saukar da murya, ta yi magana yadda Allah ya yi ta. Ta ce za ta gwada, sai dai ba ta tabbata ta tuna inda ta ajiye ta ba.

A hutun rana muka hau tsauni na yi gyaran. Na sa na'urar ta daina dogara da awon safe, ta riƙa bin nauyin nan a hankali duk tsawon yini tana cirewa. A hankali na ce, domin in ta yi gaggawa sai ta haɗa da maganar mutane ta cire. Na kuma matsar da kamunta kaɗan daga tsakiyar zangon, don kada in mai magana ya yi shiru ta ɗauki tashar kanta a matsayin nauyin da za ta cire. Illiyasu ya kawo nasa maganin da ban yi tunaninsa ba, ya sauko da akwatin daga kusa da kwano, ya shimfiɗa zana biyu a kan rufin. Muka kunna da huɗu, na bar kwamfutar a jone har aka rufe tasha. Layin bai bar sifili ba. Amma wannan yamma ce. Gwajin gaskiya sai an kunna da shida an kai sha biyu, ni kuma motar Damagaram ɗaya ce ran Alhamis, in ta wuce sai Asabar.

Alhamis matar Illiyasu ta ɗaure mini kilishi a takarda, Elhaji ya aiko da ƙullin ƙaro wanda har yau ban san abin da zan yi da shi ba. Motar ta tashi sha ɗaya da rabi. Muna cikin daji na roƙi direba ya kamo tashar garin. Goge ake yi, na kasa kunne, goge ne zalla. Sha biyu ta cika, kiɗan ya tsaya.

Muryar da ta yi sallama ban taɓa jin ta ba. Siririya ce, mai sauri, da ɗan dariya a gefenta. Sai da ta faɗi sunanta na yarda ita ce. Ta ce awon ciki Litinin ne, ta maimaita, Litinin, kowane harafi ya fita.

Wata mata a kujerar baya, da jariri a cinya, ta taɓa ta kusa da ita. "Ke, ji Madam. Ta warke."

"Wallahi ta warke. Dama na ce mura ce."

"Wace irin mura wata biyu? Maganin wani malami ne daga Najeriya, aka ce har tsauni ya hau."

Direba ya dube ni ta madubi. Na kau da kai, na buɗe kilishina, na miƙa musu baya. Muka saurare ta har tsaunin ya ɓace, muryar ta fara nutsewa cikin shuuu, wannan karon don nisa.

Da na kai nan a labarin, ran da na fara ba Malam Istifanus, sai aka ɗauke wuta, fankar shagon ta tsaya. Na buɗe baki zan faɗi abin da na saba faɗa. Ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, Malam Bala. Abokiyar aikinka ce, gaishe ta."

Washegari na sayi batir babba da farantin sola. Yanzu duk na'urar da za ta bar shagona sai ta yini a kunne a ƙarƙashin kwano, daga asuba har la'asar, ina zaune ina kallon layin.